Abin da Za a Jefar

Ranar da layi ya zo kan Tunau masunci, da hannunsa ya kwashe duwatsun da ke danne cikin jirginsa mai ƙyallen iska, ya jibge su a bakin tafki. Sabuwar doka ta ce batura ne za su maye gurbinsu.

Makaniken hukuma ya jera baƙaƙen batura, ya ɗaure su tamau da noti.

Tunau ya ce, "Samari, mu in hadari ya taso, ruwa ya fara shigowa, duwatsun nan muke jefarwa jirgi ya rage nauyi. Waɗannan fa?"

"Ba a kwance su, Baba, kayan hukuma ne. Amma kwantar da hankalinka, yanzu jirgi ba ya nitsewa. Da kansa yake komowa gida."

"To, me za a jefar?"

Makaniken ya ci gaba da goge hannunsa, bai ɗago ba.

Kulu, matar Tunau, ta taɓa mijinta, ta nuna masa ruwa. Jirgin maƙwabcinsu Nomau ne, wanda aka riga aka sa wa batura, ke isowa gaɓa a hankali, koriyar fitilarsa tana ci, kwando cike da kifi. Da safe Nomau da ƙanensa suka fita a cikinsa, kafin hadari ya taso.

Babu kowa a ciki.