Daddawa Mai Makulli

Barira, tun ranar da kika zo da takardun nan kika ce za ki buɗe shagon burodi da sunan wani kamfani, kaina bai daina juyawa ba. Kin ce shagon naki ne amma sunan nasu ne, fentin bango ma sai wanda suka zaɓa, ko sukari ba ki da ikon ƙarawa. Na tambayi babanku, ya ce abin zamani ne, in bar shi. Ni karatuna bai kai can ba. Abin da na sani daddawa ce, don haka bari in ba ki misali da ita. In ya dace ki ɗauka, in bai dace ba ki bar min kayana.

Akwai wata tsohuwa a wani gari da daddawarta ta yi suna. Kowane curi sai ta danna masa bakin wani tsohon makulli kafin ta shanya, har ta kai mata a kasuwa ba sa cewa a ba su daddawa, sai dai a ba su mai makulli. Wata mata daga ƙauyen gaba, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta je ta roƙi a bar ta ta riƙa yi da wannan shaida a kasuwarsu. Tsohuwa ta zaunar da ita mako biyu tana koya mata dafa kalwa, da surfe, da wanki, da yadda ake zuba ta a kwando a rufe kwana uku cif, ba ƙari ba ragi. Sannan ta ba ta makulli irin nata, ta ce duk ranar da daddawar da ba ta nuna ba ta fita da wannan shaida, ranar za ta karɓe abinta. Bazara ta wuce, damina ta wuce, abu yana tafiya daidai, yara suna cin tuwo da miya. Sai sanyi ya shigo. Ranar da kwando ya cika kwana uku a rufe, matar ta buɗe shi ta tarar da kalwa kamar jiya aka zuba ta, babu yauƙi, babu warin nan da ke cika ɗaki. Ga shi gobe kasuwa. Ta tsaya a kan kwandon ta rasa abin yi. In ta ƙara kwana, ta karya doka. In ta kirɓa ta danna makulli, ita ma ta karya doka. Maƙwabta suka taru. Wannan ta ce a zuba kanwa, waccan ta ce a haɗa da tsohuwar daddawa wa zai gane, wata ta ce ai ke ba yarinya ba ce, uwarki ma daddawa ta yi har ta mutu. Kowace magana in ta ji sai ta ga kamar ita ce daidai, har sai wata ta buɗe baki. Daga ƙarshe dai, ba don ta gane komai ba, ta naɗa gammo ta ɗora kwandon a ka ta kama hanyar garin tsohuwa. Masu tafiya kasuwa suna ta yi mata dariya, wai mai makulli ta koma makaranta.

Tsohuwa ta cusa hannu cikin kwandon ta ji shi sanyi ƙalau. Ita ma abin ya ɗaure mata kai, don shekara arba'in tana yi, da zafi da sanyi, tata ba ta taɓa wuce kwana uku ba. Ta ce: “Ban sani ba, 'yar nan. Mu je in ga ɗakinki.” Ta ɗauki sandarta ta bi ta har ƙauye. Tana shiga ta ga inda ake ajiye kwandon, wani ɗaki ne can ƙarshen gida, ƙofarsa ko asabari babu. Nan ta tuna nata ɗakin bango ɗaya suke da murhu. Ashe duk shekarun nan ɗumin bangon yana taya ta aiki, ita kanta ba ta sani ba, balle ta faɗa wa wani. Suka matsar da kwandon jikin bangon madafa, suka lulluɓe shi da buhuna. Kasuwar makon ta wuce matar, yara suka ci tuwo da miyar da ba daddawa. Amma bayan kwana biyu, da matar ta ɗaga buhu, yauƙi ya biyo hannunta, makulli kuma ya zauna a gidanta. A cikin sanyin nan akwai wata a wani ƙauyen da aka ba irin makullin, ta ji nauyin a ce ba ta iya ba, ta kirɓa tata haka nan ta kai kasuwa. Ita kam kafin a share gonaki an karɓe makullinta.

Ni ban san inda bangon murhun kamfanin nan yake ba, Barira, wataƙila su ma ba su sani ba. Shi ya sa nake so ki bincika tun yanzu, in abu ya ƙi, akwai mai ɗaukar sanda ya biyo ki har ɗaki? In akwai, to ranar da burodi ya ƙi tashi kada ki tsaya sauraron masu wucewa, kada kuma ki ji kunyar dariyarsu. Ɗauki kwandonki ki je. Hausawa dai sun ce, matambayi ba ya ɓata.