Takwaran Farfesa Jatau

Tunda kin zo min da kuka, Malama Tasalla, wai an ɗora miki kula da shuke-shuken makarantarku kuma ba mai taya ki, zauna ki ji wani misali. Ba zan kama sunan mai labarin ba, don mutum ne mai kunya. Abin da zan iya faɗa miki shi ne yana da kyan tsayi, ya iya karya hula, kuma har yau ba a gode masa ba.

A wata jami'a yake koyarwa, inda duk damina ake bikin dashen itatuwa. Manya su zo da manyan riguna, kowa ya riƙe shebur a ɗauki hoto, a sha lemo a watse. Kafin bazara ta yi nisa, abin da rana ta rage awakin gidajen ma'aikata sun ƙarasa. Daga ɗakin karatu zuwa masallaci babu inuwar da kaza za ta fake. Sai wasu da ba sa ƙaunarsa suka kawo shawarar a ba shi shugabancin kwamitin dashe, domin duk wanda ya hau wannan kujera da laƙabin Kashe-Itace yake sauka, kuma sun ƙagu su ji ana kiransa haka. Ya karɓa yana murmushi. Ya nemi tankar ruwa, aka ce ta lalace. Ya nemi masu ban ruwa, aka ce ya jira. Da ya zauna ya yi nazari, sai ya ga ba ƙishirwa ke kashe itatuwan nan ba, maraici ne.

Kin dai san halinmu. In aka yi wa mutum takwara, ba ya iya ganin yaron da yagaggiyar riga ya kau da kai. To, da ruwa ya sauka, mutumin nan ya sa aka dasa maɗaci da darbejiya a bakin hanya, ya sa mai fenti ya rubuta ƙananan alluna, kowane dashe da sunan wani babba. Ya bi ofis-ofis yana rusunawa, yana cewa kwamiti ya duba cancanta ya yi musu takwara. Kowa ya ji daɗi, har da masu shi masa albarka. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda ya jera su. Farfesa Jatau na Tarihi da Farfesa Mamuda na Lissafi, waɗanda ba sa ga maciji da juna tun wata takarar shugabancin tsangaya, kafaɗa da kafaɗa ya dasa su, daidai inda ɗalibai ke jiran mota.

Sauran aikin ɗalibai ne suka yi masa, bai ma roƙe su ba. Da rani ya kama, sai aka fara jin ana cewa Farfesa Mamuda ya yi sabon toho, Farfesa Jatau kuwa duk ya yi yaushi. Wata safiya labari ya zaga cewa akuya ta cinye kan Farfesa Jatau. Maganar ta iske mai sunan a ɗakin hutun malamai, daga bakin Mamuda, wanda ya yi masa jaje da fuskar tausayi, ya ce Allah ya ba takwara lafiya, ko da yake wasu dama tun asali saiwarsu ba ta da zurfi. Da la'asar aka ga Jatau ya naɗe riga a kafaɗa, yana kewaye dashen da ƙaya da hannunsa. Daga ranar ya daina alwala a famfon masallaci, sai ya ciko buta ya zo gindin takwaransa ya tsuguna, ruwan ya gangara inda ake bukatarsa. Mamuda ya ga haka, ya fara lodo taki daga gonarsa a bayan mota. Wata Dakta ta sa masu abinci su riƙa juye wa tata ruwan ɗauraya. Can sai ga waɗanda ba a sa sunansu ba suna tare mutumin a hanya, suna tambayar laifin da suka yi wa kwamiti. Ya ce su yi haƙuri, layi ne.

Jatau ba yaro ba ne, ya gano dabarar. Ya tsayar da shi wata rana, buta a hannu, ya ce, "Malam, na san abin da ka yi mana."

"Ranka ya daɗe, to in sa a cire allon?"

"Taɓa ka gani."

Yanzu in kin bi hanyar nan da tsakar rana, sai kin ɗaga kai kafin ki ga rana. Ɗalibai na karatu a gindin Mamuda, masu ƙosai sun kafa kasko a inuwar Jatau, wanda ya kere maƙwabcinsa tsayi, kuma ba ya bari a manta. A bikin yaye ɗalibai aka tashi aka yaba wa kishin muhalli na manyan malamai, aka tafa, aka sake tafawa. Mutumin yana zaune a layin gaba da sabuwar hula, ba wanda ya ko kalle shi. Duniya kenan. Sai dai laƙabin da aka tanadar masa ya rasa mai ɗauka, masu tanadin ma yanzu kowa na fama da butarsa. Nasa allon kuwa, jikin tsohuwar tsamiyar bakin ƙofa ya kafa shi, wadda ta girmi jami'ar, ba ta kuma neman ruwan kowa.

Saboda haka share hawayenki, ki nemi mai fenti. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce suna linzami ne.