Dutsen da Ke Ramewa

Sau uku ke nan a mako guda lu'u-lu'un Mansukh yana ramewa. Zai goge shi a kan faifan injin guga, ya fitar masa da fuskoki hamsin da bakwai, ya auna, ya naɗe a takarda ya miƙa wa Harji mai duba aiki. Kafin dutsen ya kai teburin maigida, nauyinsa ya ragu da abin da bai kai ƙwayar yashi ba. A masana'antun lu'u-lu'u na birnin Surat a Indiya, wannan kaɗai ya isa a kira mutum ɓarawo.

Mansukh ya rasa sukuni. Shekara talatin da ɗaya yana tanƙwashe a gaban faifan nan, ba a taɓa lalube masa aljihu ba. Yanzu komai haushi yake ba shi. Ya sa an canja fitilar da ke kansa, wai ta dushe. Ya jefar da gilashin dubawa biyu, wai sun karce.

Harji kuwa baki gare shi kamar reza.

"Tsoho, har yanzu kana nan? Na ɗauka jikoki sun kai ka ƙauye kiwon shanu."

"Ka bari sai na binne ka tukuna," in ji Mansukh.

Mansukh ya fara sa wa Harji ido. Da rana, in kowa ya fita cin gurasar gero, Harji ba ya fita. Kuma ƙunshin Mansukh kaɗai ke daɗewa a hannunsa. A ransa ya ce musanya ce ke nan, ana ɗauke nasa a sa ƙarami, ranar da asiri ya tonu a ce shi ne.

Bai tsaya wata-wata ba, ya kai ƙara wurin maigida Vallabh. Washegari da rana suka lallaɓo su biyu suka tura ƙofa. Ga Harji a gaban faifai, dutsen Mansukh a hannunsa.

Vallabh ya karɓa, ya kara gilashi a ido, ya daɗe yana juya shi.

"Rabin fuskokin nan a karkace suke. Sauran an daidaita su yanzun nan, gyaran ne ke cin nauyin dutsen. Harji, tun yaushe?"

Harji bai kalli Mansukh ba.

"Wata takwas, ranka ya daɗe. Tun da na gane idonsa ya tafi, shi bai sani ba."