Irin Albasa da Shafi Goman Ƙarshe

Ina aji shida a lakwal, a Karofane, mushenmu, wato malaminmu, ya ara mini littafin Faransanci mai ban tsoro, labarin wata mata da aka kulle a gidan da matattu ke yawo. Saura shafi goma in gama, na sa tsinke na tafi shayar da jaki.

Da na dawo bayan la'asar, na iske Baba a zaure yana ƙunshe irin albasa cikin takardu. Tun daga ƙofa na gane rubutun. Ya yayyaga su huɗu-huɗu, maƙwabta ma sun tafi da rabi. Na fashe da kuka.

"Kukan mi kake?" in ji shi. "Na ga tsinkenka. Wanda ka riga ka wuce kaɗai na ɗiba."

Baba karatun allo ya yi, a wurinsa littafi daga dama yake farawa.

Yanzu littattafan tsoro sun cika mini ɗaki, amma in na taso aiki ko shafi biyu ba na kaiwa. Matar nan har yau tana kulle. Baba kuwa ya rasu. Da zan sake iske shi a zauren nan, da kaina zan miƙa masa sauran.