Kwamfutar Tsohon Direba

Kai ma ka gan su ka kau da kai: 'yan mata goma sha biyu daga Jandutsi, cirko-cirko a ƙofar wani shagon kwamfuta a Jega, alhali da la'asar za a rufe rajistar jarrabawa.

Da allon kwamfutar ya mutu karo na biyar, malamarsu ta kutsa ciki, ranta na tafasa. Mai shagon kawunta ne, tsohon direban albasa. Ta tarar ya lulluɓe kwamfutar da jiƙaƙƙen buhu don ta huce.

"Kawu, mi aka yi mata?"

"Wuta na sa aka ƙara ma ƙwaƙwalwarta, ɗiyata. Abin da bai gudu ai jaki ne!"

"To gudun ke kashe ta!"

Ta fizge buhun, ta shiga saiti, ta mayar da ƙwaƙwalwar kan gudunta na asali. Sunan farko ya shiga rajista, wani ya bi. Na ƙarshe ya wuce ladan na gyara murya, guɗa ta ɓarke.

Kawu ya dafe hula. "Ashe birki take so!"

In ka iya wannan gyaran, tashi ka koya wa mutum ɗaya a garinku kafin Juma'a.