Katin da ke cikin ambulan

Wouter Bakker mutum ne mai aƙida. Aƙidar ita ce kada kamfanin waya ya caje shi kuɗin ƙasar waje.

Shi ya sa ana gobe zai tashi zuwa Marrakech ta ƙasar Maroko ya shiga wani shagon waya a garinsu Utrecht, wanda ya fi kusa da gidan Femke Hoekstra. Femke matar wani ce. Wouter bai taɓa tambayar ko wane ne ba. Shirinsu shi ne ya riga ta tafiya, ta biyo shi washegari. Da tes kawai suke magana, don mijin yana leƙa mata WhatsApp.

Ya miƙa wayar a buɗe. Mai shagon ya ɗan jima yana kallon hoton Femke da ke fuskar wayar.

"Kyakkyawa ce, ko?" in ji Wouter.

"Haka ake cewa, yallabai. Zan sa maka eSIM, layin da ba shi da katin SIM. Ba ya faɗuwa, ba a sace shi, amma intanet kawai yake bayarwa. Tsohon katin kuwa a cire, kada su yanke ka. In kana son tes, ka mayar da shi. Ka canza lambar sirrinsa?"

"Sifiri huɗu, yadda ya zo. Wa ke da lokaci?"

Mai shagon ya zura ɗan tsinke, ya juya baya, ya dawo da katin cikin 'yar ambulan.

A Marrakech intanet ya yi aiki tsaf. Femke ce ba ta zo ba. Wouter ya mayar da katin, katin bai ko motsa ba. Ya karya doka ya neme ta a WhatsApp, ya tarar ta toshe shi. Ya ci abincin mutum biyu shi kaɗai, tunda an riga an biya.

Da ya dawo ya je gidan Femke, a bakin ƙofa ta tsayar da shi, ta nuna masa saƙo daga lambarsa: "Kada ki zo. Na sami wadda ta fi ki ƙuruciya, kuma ta biya rabin kuɗin tafiyar."

"Na rantse ba ni ba ne!"

"To kakarka ce?" Ta rufe ƙofa.

Ya wuce shagon a fusace. Mai shagon ya saurare shi cikin ladabi, ya ce ai katuna duk kamarsu ɗaya, musanya su ba wuya, ya ba shi sabo kyauta. Sai a lokacin Wouter ya karanta sunan da ke ƙirjin rigarsa.

Joost Hoekstra. Hoekstra, kamar Femke.