Kaka ta ƙi sauka daga dutse

Me ya hana Baba ya goyo Kaka ko da ƙarfi? Ga ni na tsufa, na rasa mijina, ina kuka, ban samu amsa ba.

Da mahara suka daina zuwa, mutanenmu suka sauko daga duwatsun Roni. Kaka ta ƙi. Ranar ganina da ita na ƙarshe, na hau mata da fura da la'asar. Ta leƙa sababbin bukkokinmu a fili, ta tofar da yawu.

"Ragwaye. Dutsen da ya ɓoye su, yau shi ya yi musu tsawo."

Ragwaye kuwa, har da ubana.

Na ce, "Kaka, akwai kura fa."

"Ajiye ƙwaryar, 'yar nan. Sauka wurin matsoratanki tun da sauran rana."